Gunnvor, Mai Haɗa Wayar Ƙauyenmu

Ƙarfe bakwai na safe Gunnvor Tveiten kan ɗora kofi, ta maƙala abin saurare a kunne, ta zauna gaban allon tarho da ke falonta. Ka murɗa hannun wayarka, ita za ta amsa, ta soka igiyarka a ramin wanda kake nema. Shekara talatin da takwas ke nan tana wannan aiki. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki, don an kawo na'ura mai haɗa waya da kanta.

Gida tara ne a gaɓar ruwanmu, duka a kan layi ɗaya. Kowane gida da irin bugun ƙararrawarsa, amma kowa na jin na kowa, kuma maganar gaskiya, kowa ɗauka yake ya saurara. Har da ni. Abin da muke mantawa shi ne, duk kan wayar da aka ɗaga, wutar raguwa take, murya ta dusashe.

Ranar da lauje ya sari mijina Torleiv a cinya, likita yana ƙetaren ruwa, tafiyar awa biyu a kwalekwale. Gunnvor ta haɗa mu don ya gaya mini yadda zan tsayar da jinin. Sai na ji ƙit, ƙit, ƙit, maƙwabta sun ɗauka. Muryar likita ta koma kamar kukan sauro.

Nan Gunnvor ta shigo layi.

"Kai Asbjørn, agogon bangonka nake ji. Ajiye! Solveig, wannan tari naki ne, ƙawata. Gobe kya ji labari. Wanda ya rage kuma, ko sai na kira suna?"

Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye. Muryar likita ta fito tar: "Ɗaure sama da ciwon, ki murɗa da sanda!" Na ɗaure.

Ke ce kunnen gari, Gunnvor. Kin ji rigimarmu, kin ji zawarcinmu, amma ko kalma ɗaya ba ta taɓa fita daga bakinki ba. Mu da babu ruwanmu mu ne masu baza zance. Wallahi kunyarki nake ji.

Mun gode. Masu tasowa, ku koyi riƙon amana a wurinta: abin da ba naka ba, ajiye. Ke kuwa Gunnvor, ranar Juma'a Torleiv zai kawo miki kek mai kirim ɗin madara, kuma da ƙafafunsa biyu zai hau tudun gidanki.