Ma'u Mai Ɗori da Hannun Indo

Duk wanda ya san Magama, nan bakin iyakar Jibiya, ya san gidan Ma'u mai ɗori. Har daga Ɗan Isa da Maraɗi ake kawo mata mata a bayan kabu-kabu, wata da karaya, wata da targaɗe. Amma kada ka ɗauka da gwaninta aka haife ta. Awara take soyawa kusa da shingen kwastan, ba ruwanta da ƙashin kowa.

Mahaifinta Ɗanmaraya shi ne maɗorin garin. Da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina, sai wasu maza suka daina yarda namiji ya kama jikin matansu. Malamai sun ce lalura ce, babu laifi, amma ina, wa ke ji. Mace sai ta zauna da karaya a ɗaki har ƙafa ta shanye. Tsoho ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya kira ɗiyarsa ya ce ta ajiye kasko.

Shi kuwa Ɗanmaraya, Allah ya jiƙansa, magana wuya take masa. Yadda aka koya masa haka ya koya mata. Ya je wurin mahauta ya karɓo ƙafafun akuya, ya karya, ya naɗe cikin tsumma, ya miƙo mata. Ta lalubo karayar da yatsa, ta ja, ta haɗa baki da baki. In ta yi daidai ya yi gyaran murya, in ta kuskure ya sake miƙo wata. A haka ta san haƙarƙari, ta san allon kafaɗa da ƙoƙon gwiwa, duk a jikin akuya. Ƙashin mutum kuwa, a ina za ta gan shi?

Ba ta yi nisa ba aka kawo Indo. Mijinta Mudathir ɗan fito ne, mai ƙetara jarkokin fetur ta hanyar daji. Ya ɗauko ta daga biki, ya hango 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, ya karya kan babur cikin yashi, suka kife. Hannunta na dama ya karye tsakanin gwiwa da wuyan hannu, ya lanƙwashe kamar lauje.

Ɗanmaraya ya miƙe zai duba, Mudathir ya tare ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri. Mace dai za ta taɓa ta."

"Yaro, ɗiyar nan tawa akuya kaɗai ta taɓa ɗorawa. Ko ka bar ni, ko ka kai ta asibiti."

"Can ma maza ne. Ko ita, ko in mayar da matata gida."

Kai, taurin kai bai yi ba. Aka shigar da Indo cikin gida, tsoho ya zauna bayan zana, yana ji ba ya gani.

Ma'u ta durƙusa gabanta. Hannun ya kumbura ya yi zafi, Indo ta cije gefen mayafi, zufa na tsiyaya. Ma'u ta shafa man shanu, ta bi da yatsa har ta ji bakin ƙashi yana motsi ƙarƙashin fata. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ta ji kamar ta tashi ta gudu.

"Mi kika ji?" in ji tsoho daga bayan zana.

"Na ji karayar, Baba."

"To ja. Kada ki ji tausayi."

Ta yi bismilla ta ja. Indo ta ƙwalla ƙara, Mudathir ya buga ƙyaure daga waje yana tambayar me ake wa matarsa. Ma'u ba ta saki ba har sai da ta ji ƙashi ya faɗa mazauninsa.

"Ya zauna?"

"Ya zauna, Baba."

Ta jera kara, ta ɗaure tamau, tsoho ya yi tofi a ruwa aka miƙa. Hannu ya miƙe sambal, kowa ya yi hamdala.

Ranar da aka kwance ɗori, ƙashi ya kama, kumburi ya saɓe. Daga bayan zana tsoho ya ce Indo ta juya tafinta sama. Ta yi ta yi, hannu ya ƙi. Tafi na kallon ƙasa, nan ya tsaya.

Sai tsoho ya kira Ma'u, ya kama yatsunta ya ɗora a sangalin hannunsa, ya juya tafinsa a hankali. Sai ta ji wani ƙashi yana mirginawa bisa wani.

"Biyu ne?" in ji Ma'u.

"Biyu ne. A akuya ne suka manne."

Shi bai taɓa zaton akwai wanda bai san wannan ba, ita kuma ba ta san akwai abin tambaya ba. Ɗaya ta ɗora, ɗayan ya kama a karkace. Aka ce sai an sake karyawa, Indo ta ce ta rantse ba za ta iya ba.

Daga ranar Ma'u ba ta ƙara taɓa ƙafar akuya ba. Jikinta da na 'ya'yanta ta bi gaɓa gaɓa tana lalube, ta dami tsoho da tambaya har ya koyi magana dole. Ta ƙware, sunanta ya ƙetara iyaka.

Indo ba ta taɓa faɗa mata baƙar magana ba. Tana daka, tana wanki, amma hannun nan ba ya kai loma baki, ita kuwa kunya ba ta barin ta ci da hagu a gaban mutane. Bayan shekaru Ma'u ta je mata barkar haihuwa, aka kawo tuwo cikin kwano ɗaya, mata suka kewaye suna wanke hannu. Indo ta matso wa Ma'u da kwanon, ta ɓoye damanta cikin zane.

"Ci, Yaya," ta ce. "Ni na ƙoshi."