Kwanon da Ya Yi Gumi a Ɗa'ifa

Har yau ban manta da safiyar da na zura hannu bayan tabarma a warshar da Baba Manu yake aiki, wato shagon kafinta, na ji ruwa ba. A tsakiyar shekarun sittin ne, shekarata biyar da zuwa Makka, ina aiki a unguwar Hindawiyya a ƙarƙashin wani mu'allim, wato babban magini mai raba mana aiki. Sana'armu ita ce kafa rumfunan kwano a kan turakun ƙarfe, mu kuma yi musu rufin ciki. A Makka zafi ne abokin gaba, don haka mun iya aikinsa: a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin kwano, a bar kafa a sama iska ta wuce. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, gani nake babu abin da kwano zai koya mini.

Da hunturu ya kama, sai mu'allim ya tura ni Ɗa'ifa, garin da ke kan duwatsu sama da Makka, inda sanyi yake sa haƙora kaɗawa, in yi wa wata warsha rufin ciki. Mai warshar, Ammi Salihu, jikan Hausawa ne amma haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci. Kafintansa ɗaya ne, Baba Manu, tsoho Basakkwace mai haɗa akwatunan da ake zuba rumman da inabi. Sanyi ya sa yatsun tsohon suna ƙagewa har guduma tana suɓuce masa. A gabana Ammi Salihu ya ce idan rufin bai yi magani ba, zai sauko da shi Makka ya sa shi a ribaɗi, gidan da ake ajiye tsofaffi marasa kowa. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma da ya fita, tsohon ya nuna mini wajen maƙabarta da haɓa ya ce, "Uwargida tana can kwance, ɗana. Shekara talatin muna tare, ƙasa munka tako har nan. Ba ni son in bar ta."

Tausayinsa ya kama ni, kuma tausayin ne ya kai ni ga kuskure. Na ce a raina, tunda a Makka buɗewa muke yi don zafi, to a nan toshewa ce magani. Na manna tabarmi a jikin kwano, na cusa tsofaffin buhuna a kowace kafa, ko ramin ƙusa ban bari ba. Kwana biyu na gama, na koma Makka ina yabon kaina.

Bayan mako ɗaya mu'allim ya ce in hau Ɗa'ifa in duba aikin, kamar yadda ƙa'idarmu take. Na tarar da Ammi Salihu a bakin ƙofa. Ya tambayi tsohon a gabana, "Kef, ya Baba? Shugul ya yi?"

Baba Manu ya ce, "Aikin ga ya yi, alhamdu lillahi." Sai tari ya sarƙe shi.

Ammi Salihu ya ce ɗayyib, wato madalla, ya juya zai tafi. Ni kuwa hancina ya riga ya ji warin danshi. Na leƙa ƙarƙashin teburin aiki, sai ga gwangwanaye huɗu an tura su lungu, kowanne da ruwa a ciki. Nan ne na zura hannu bayan tabarma. Sharkaf take, bayanta ya yi baƙi da funfuna. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, idan ciki ya yi ɗumi da kaskon gawayi da tururin butar shayi, waje kuma da sanyi, kwano gumi yake yi. Na hana tururin hanyar fita, tabarma ta sha, tana ɗiga a kan tsoho mako guda. Da ya ji motsin mutum sai ya ɓoye gwangwanayen.

Na tsaya da jiƙaƙƙen hannu. Ba ni da takardar zama, idan mu'allim ya sallame ni ban san inda zan nufa ba. Baba Manu ya san haka, shi ya sa ya yi mini kara. Amma idan na yi shiru, tarin nan zai kwantar da shi, a ce sanyi ne ya fi ƙarfinsa, a sauko da shi. Ya kalle ni ya girgiza kai, alamar in bar maganar. Na kira Ammi Salihu na ce, "Ya ammi, dawo ka taɓa nan. Laifina ne, ba jikin Baba ba ne."

Ya taɓa, ya dubi gwangwanayen. Sai ya ce, "Ya Baba, lesh, don me? Mako guda kana cikin moya, ruwa yana ɗiga a kanka, ba ka faɗa ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ga yadda ya yi aikin, da zuciya guda ya yi shi. In na hwaɗi, shi za a kora."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ga ni ƙato da gemu. Ammi Salihu ya ce halas, wato shi ke nan, mu'allim ba zai ji daga bakinsa ba, in sake aikin.

Ni da tsohon muka sake shi, kuma yawancin dabarar tasa ce. Muka yaye tabarmin muka shanya. Muka buga siraran katako a jikin turaku, aka sami tazarar yatsu huɗu tsakanin kwano da rufi. Muka cika busassun buhuna da garin katakon da ke tare a ƙarƙashin zartonsa, muka jera, muka bi su da takardar buhun siminti ta ciki don ta tare tururi, sannan tabarma. A can sama na bar 'yar kafa ta hayaƙi. A rana ta huɗu na ga ya ɗauki ƙaramar ƙusa da yatsu biyu, ya kafa ta da bugu uku, ya dube ni yana murmushi. Ba a sauko da shi ba, a hunturun nan ko waɗanda suka biyo baya.

Ku da kuke aiki da soso da leda yanzu, ƙa'idar ba ta canja ba: kada rufi ya taɓa kwano, kuma a bar wa tururi hanya. Ɗayan abin da na koya ya fi wannan nauyi. Mutanenmu, musamman tsofaffi, za su zauna cikin ruwa su ce maka aiki ya yi, don kada ka ji kunya ko ka rasa abincinka. Tun daga ranar ban ƙara tambayar mai wuri ko aikina ya yi ba. Gaishe shi nake yi, in leƙa ƙarƙashin tebur.