Garkar da Minista Ya Ba Ado

Ado mai garka, wato lambu, bai taɓa riƙe muƙami ba, ko na gadin rumfar zaɓe, amma siyasar Alhaji Yusuf ce ta tsara masa rayuwa. Alhaji ɗan Madarumfa ne, sau uku yana minista, mai ra'ayin riƙau da ba ya son a taɓa abin da ya tarar iyaye na yi. A wurinsa maganar dattijo ta fi hatimi. Ya sha faɗin haka a taron siyasa, mu kuwa muna ta tafi har hannu ya yi ja.

Shekarar da ya fara minista aka nemi filin gina makaranta, Ado ya ba da gonarsa ta gado. Alhaji ya riƙe hannunsa gaban jama'a, ya nuna masa wani fili na gwamnati a bakin tabki, ya ce ya zama nasa. Barira matar Ado ta ce ya nemi takarda. Ado ya hau ta da faɗa: da wane ido zai dubi babban mutum ya ce bakinsa bai isa ba?

Shekara ashirin da biyu yana wurin. Ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro tara, albasarsa har Ɗan Issa ake nemanta. Ni maƙwabcinsa ne, ban taɓa ganin ya tafi ci-rani ba.

Watan jiya ma'aikata suka zo suka kafa turaku. A kundinsu filin na gwamnati ne, kasuwar kifi za a gina. Suka ba shi kwana talatin.

Na raka shi gidan Alhaji, wanda ya bar siyasa shekara shida da suka wuce. Muka tarar da shi a zaure shi kaɗai, ya miƙe ƙafa saboda ciwon gwiwa. Bai manta komai ba.

"Ni na ba ka, Ado. Kowa ya sani," in ji shi, ya jawo salula.

Lamba ta farko a kashe. Ta biyu wani saurayi ya ɗauka, muna ji ya ce, "Wane Yusuf ke nan?" Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni.

Washegari tsohon ya sa babbar riga ya tafi Maradi da kansa. Ya zauna a bencin ofishin filaye har la'asar, aka ce masa babu takarda, babu magana. Da ya dawo Ado ya ce, "Ranka shi daɗe, yanzu mi za ni yi?" Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ta.

Asabar mai zuwa za a kawo motar share fili. Ɗazu da safe Ado ya shigo gidana aron gatari.

"Mangwaron nan ni na dasa su," ya ce. "Ba ni son baƙo shi sare su."

Na ɗauko na miƙa masa.