Kwamfutar 'Yargata da ta ƙi barci

Shagon 'Yargata yana jikin shagon ɗinkina a bakin kasuwar Arlit, bango ɗaya ya raba mu, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Iyayenta mutanen Tahoua ne, sun zo tun uranium yana tashe, aka haife ta a nan. Da kasuwar uranium ɗin ta faɗi aka sallami babanta daga aiki, 'yan'uwanta suka watse, ita ta tsaya ta koyi buga takarda. Ta auri Aghali, wani Buzu direban babbar mota wanda bai iya zama wuri ɗaya ba. A shekarar da tawaye ya dawo, motarsa ta taka nakiya a hanyar Agadez. Da ta fita takaba sai ta sayar da gadonta na aure ta sayi kwamfuta ta tafi-da-gidanka, tana buga wa mutane takardun neman aiki.

A lokacin, wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa, batir ne ke riƙe da sana'ar. Idan ba kowa, kwamfutar kan rufe ido ta yi barci, da haka cajin safe ke kai ta yamma. Rana ɗaya a farkon bazara sai ta ƙi. Gilashinta tar, fankar ciki tana ta gunji tana zuƙar ƙura, jikinta ya yi zafin da hannu ba ya zama a kai. Kafin azahar batir ya mutu. Makiyayan yankin Dannet da fari ya cinye wa dabbobi, masu neman ko aikin gadi ne, sai su zauna kan benci su gaji su tashi. Zayyadu, wani Bakatsine mai gyara, ya ce in aka ci gaba a haka ƙonewa za ta yi, kayan gyara kuwa ba sa shigowa, tunda mota ba ta bin hanya sai cikin ayarin da soja ke rakawa.

Nan Amumun, yayan marigayin, ya samu ƙofa. Ba na cewa mugu ne, shi ma ya rasa ƙane ya rasa raƙuma. Amma irin mutanen nan ne da ke yanke maka hukunci sannan su tambaye ka lafiya. Tun farko yake so ta koma Agadez wurin mahaifiyarsu, ita kuma tana kare kanta da cewa tana da sana'a. Yanzu ya ce ga sana'ar nan tana shure-shure. Ran 'Yargata ya ɓaci, bakinta ya riga hankalinta, ta ce in ayari na gaba ya tashi kwamfutar ba ta gyaru ba, za ta bi shi. Kamar in rufe ta da duka don haushi. Shi kuwa ko sallama bai tsaya yi ba, ya je ya kama mata wuri a mota.

Zayyadu ya yi iya yinsa. Ya duba inda ake saita lokacin barcin, daidai yake. Ya cire injin buga takarda, ya nemi cutar kwamfuta bai samu ba, ƙarshe ya goge komai ya sake zubawa. Abin takaicin, a shagonsa tana barci lafiya lau, da an dawo da ita sai ta buɗe ido. Matan kasuwa suka ce sammu ne, ni ma na ce haka, na kawo shawarar turare. 'Yargata ta harare ni ta ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ba za ta bar garin da aka binne cibiyarta don tsoron abin da ba ta gani ba.

Ana gobe ayari zai tashi ta sallami kowa, ta zauna gaban kwamfutar ta harɗe hannu tana kallo. Na kai mata shayi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Can ta ce in duba 'yar kibiyar da ke kan gilashi. Ba wanda ya taɓa komai, amma duk sa'ad da iska ta shigo ta ƙofa sai kibiyar ta ɗan motsa. Ta bi wayar linzamin da ake motsa kibiyar da shi, wanda mu nan muke kira suri, har gefen tebur. A can laya take reto.

Layar Aghali ce, ta jar fata mai tuntaye, wadda yake ratayewa a madubin mota. Ita kaɗai aka kawo mata daga motar. A garin nan duk abin da ke ciyar da mutum yana da layarsa, mota da raƙumi har keken ɗinkina, shi ya sa ta ɗaura ta a wayar, idonmu ya saba har ba ma ganinta. Da zafi ya shigo ta jawo tebur bakin ƙofa, iska ta riƙa kaɗa layar, layar tana jan suri, kwamfuta kuwa tana zaton aiki ake yi. In za ta wurin Zayyadu a nan take barin surin, don yana da nasa.

Ta daɗe tana kallon layar, idonta ya cika. Ni kam kuka na yi.

"Aghali," in ji ta, "ko ka tahi ba ka barin abu shi huta."

Ta kwance ta a hankali. Ba a jima ba gilashin ya yi duhu, fankar ta tsaya.

Washegari Amumun ya shigo da rawaninsa na tafiya. Ya ga gilashi baƙi, ya ce ta mutu ke nan, a ɗauko kaya. 'Yargata ta sa yatsa ta taɓa, kwamfuta ta farka. Ya ɗan yi turus, sannan ya koma ta wata hanya: garin mutuwa yake yi, ruwa babu, aiki babu, kuma ƙarfe ba ya zama dangin mutum. Ya ce tsohuwa tana ta tambayarta, ba abin da ya rage mata na ɗanta.

'Yargata ta kwance bakin zane ta ciro layar, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yaya, kai ma Inna wagga, ita ma ɗanta ne. Ka ce mata ina gaishe ta. Amma ni ba ni tahiya. In garin ga mutuwa shi kai, shi mutu ina ciki."

Ya karɓa, ya juya ta a tafin hannunsa, ya ja rawani ya rufe fuska har ido. Ya fita. Muna jin motocin ayari suna tashi ta leƙa waje, ta tambayi mutanen benci wa ya riga zuwa.