Rabin Saƙon Malama

Lokacin kaka ne, ganyayen birnin Greensboro na Amurka sun yi ja suna zuba a kan motoci. Ina shekarar farko a jami'a, wani maƙwabcinmu, Alhaji mutumin Nijar, ya roƙe ni in raka shi makarantar 'yarsa in yi masa tafinta, don malamarsu ta nemi ganinsa. Yarinyar shekararta biyar.

Na san gidansu. Kullum ta dawo makaranta, kafin ta cire takalmi yake zaunar da ita a teburin cin abinci da fensir, sai magariba. Ba ya duka. Ido kawai yake zuba mata.

Ajin yana ƙamshin ɓawon lemo. Muka zauna a kan 'yan ƙananan kujeru, malamar ta ajiye wata takarda da aka yi ta gogewa har ta huje. Ta ce yarinyar ta fi kowa karatu. Sannan ta rage murya. Ta ce idan ta kuskure ko da harafi ɗaya ne, sai ta shige ƙarƙashin tebur ta ciji bayan hannunta. Ba ta wasa da kowa. Malamar tana roƙo a bar yarinyar ta riƙa wasa bayan makaranta, ko na wata ɗaya.

"Me Madam ta ce, 'yata?" in ji Alhaji.

Na dubi furfurarsa, na dubi gwiwoyinsa da suka kusa taɓa haɓarsa a kan kujerar yara. A gidanmu ba a koya mini yadda ake gaya wa sa'an mahaifi cewa yana cutar da 'yarsa ba.

"Ta ce ta fi kowa karatu, Baba."

"Duk doguwar maganar nan?" Ya yi dariya. "Kai, Turanci akwai cin lokaci."

"Ta ce kuma tana da ƙoƙari."

"Alhamdulillahi. Ni da na bar lakwal, makarantar boko, a aji uku! Gaya mata za mu ƙara himma."

Na ce wa malama ya ji, ya gode. Ta yi ajiyar zuciya, ta tattara takardar.

A mota Alhaji ya ce daga wannan makon har Asabar za a riƙa zaman karatu. Sama ta yi duhu, iska na kwasar ganye tana watsa wa gilashi. Na waiga wajen yarinyar a kujerar baya.

"Ƙanwata, kin ga ganye? Wanne ya fi miki kyau?"

"Ƙirga su nake yi, Anti," ta amsa da Turanci, ba ta kalle ni ba. "Na ɓata. Sai na sake daga farko."

Ta ɗaga hannu zuwa bakinta. Na ga sawun haƙora a jere, wasu sun bushe, wasu sababbi.

"Baba," na ce.

"Na'am, 'yata?"

Fitilar hanya ta koma kore.

"Ba komai," na ce.