Takardar Bahago a Aljihun Tebur

Ranar da na fara leƙa filin da mijin yayata yake koyar da ƙwallon kwando, na zauna a benci ban san ɗanyen fenti ne a kansa ba. Na miƙe da shuɗin layi uku a bayan farin wandona, yara sha biyu suna toshe baki. Koci ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Shi ke nan, ka shiga ƙungiya. Launinmu ne."

Shekararsa ashirin da biyu a wannan fili na siminti da ke bayan makaranta. Da safe malamin motsa jiki ne, da yamma Koci. Raga ta yage, shi zai ɗinke. Ƙarfen kwando ya lanƙwashe, shi zai hau tsani da guduma. Yana saurayi an san shi da hannu, don a kusurwar hagu ya taɓa jefa ƙwallo sha ɗaya a jere, ko ɗaya ba ta kauce ba. Daga baya gwiwa ta ci amanarsa. Duk shekara sai ya zana farar da'ira a daidai wurin, wai don yara su koyi tsayuwa. Yaya ta ce ranar aurensu sai an tuna masa, amma sha ɗayan nan ko cikin zazzaɓi zai ba ka labarinsu.

Dokarsa ɗaya ce: ƙwallo ba ta zuwa kwando sai ta taɓa hannu uku. Wanda ya karya, ya huta minti biyu a benci.

Bahago kuwa Koci da kansa ya tsinto shi, ɗan wani mai gyaran keke, yana jefa ƙwallon tsumma cikin tsohuwar taya da hannun hagu. Ya ba shi takalminsa na da, ya koya masa komai tun daga yadda ake buga ƙwallo a ƙasa. Shekara biyu in Koci ya buɗe baki a gida, "yarona" za ka ji, har 'ya'yan cikinsa suka fara tura baki.

Wata yamma bayan atisaye, Bahago ya taka farar da'irar nan ya fara jefawa, sauran suna ƙirgawa. Da aka kai tara, Koci ya tsaya cak yana kallo. Sha ɗaya. Sha biyu. Sai a sha bakwai ƙwallon ta daki ƙarfe ta dawo. Yara suka ɗaga Bahago sama suna ihu, ba wanda ya ko waiwayi mai da'irar. Da ƙura ta lafa, abin da Koci ya iya cewa shi ne, "A tattara ƙwallaye, lokaci ya wuce."

Bayan sati biyu aka yi wasan kusa da na ƙarshe. Ƙwallo ta zo wa Bahago a hannu na biyu, ya ga ba kowa a gabansa, ya sake ta daga kusurwar nan, ta shige ko raga ba ta girgiza ba. 'Yan kallo suka hau kiran sunansa. Koci ya nuna masa benci. Minti biyu suka wuce, yaro ya miƙe, aka ce ya koma. Haka ya zauna har aka tashi, aka cinye su da maki huɗu. Wasan sada zumunta uku da suka biyo baya ma a zaune ya kalla. A na huɗu bai zo ba, sai ga takalmi a ƙofar ofis, an wanke shi tas.

Ƙungiyar da ke ɗaya gefen gari ya koma, wajen Kyaftin, wani tsohon ɗalibin Koci. Sai dai ba zai buga musu gasa ba sai tsohon kocinsa ya sa hannu a takardar sallama. Takardar ta zo, Koci ya tura ta aljihun tebur ya ɗora mata akwatin usur. Ta yi wata guda a nan. Da yamma kuma sai ya hau babur, wai zai sayo allurar hura ƙwallo, ya je ya tsaya bayan shingen wayar filin Kyaftin. Ya ga hannun Kyaftin a kafaɗar yaron. Ya ji wani mai shago yana cewa, "Kai, yaron Kyaftin akwai hannu!" Ranar ko abinci bai taɓa ba.

"Yaron Kyaftin!" in ji Koci da ya dawo gida. "Kyaftin da sai da ya shekara kafin ya daina gudu da ƙwallo a hammata?"

Yaya ta ce, "Baban yara, Litinin ake rufe rajista. In ba ka sa hannu ba, ka cinye wa yaron nan shekara."

"Doka ya karya."

"Ɗan hedimasta sau nawa ya karya ta? Minti nawa ya zauna?"

Ya riga ta sani. Ba hannu biyu ya hukunta ba, sha bakwai ya hukunta.

Ranar Litinin ina ofishinsa Bahago ya zo. Ya ƙara tsawo, sai da ya sunkuya a ƙofa. Ya gaishe mu, ya tsaya bai roƙi komai ba. Koci ya daɗe yana neman biro alhali tana aljihun rigarsa. Ya sa hannu, ya miƙa, bai saki takardar nan da nan ba.

"Ka gaya wa Kyaftin kada ya hana ka kusurwar hagu," in ji shi. "Ni na hana ka, kuma ba don ka yi laifi ba."

"Na gode, Baba Koci."

Muka bi shi da ido har ya fita fili. Ni da bakina ba ya iya zama, na ce, "Mijin Yaya, to ka huta. Gobe in ya yi suna, Kyaftin za a ambata, kai kuma ka ci gaba da ɗinkin raga. Kishi da yaron da ka haifi kamarsa, ai abin kunya ne."

Ya rufe aljihun tebur, ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ai Allah ya hutar da kai," in ji shi. "Shekara arba'in da biyar, ba ka taɓa iya wani abu ba, balle wani ya fi ka ka ji zafi."