Awon da Ban Rubuta Ba

Shekarar da hawan jini ya kama Baba, ni kaɗai ce cikin 'ya'yansa na rage a gida, ina koyarwa a wata firamare a Garuwa. Likita ya sa muka sayi na'urar awo. Ya ce awo ɗaya ba ya nuna komai, sai dai in auna shi safe da yamma, ƙarshen mako in haɗa in raba, in riƙa kai masa abin da ya fito duk wata.

Baba mahauci ne, tun yana saurayi yake kasuwa. Da safe jininsa yakan tsaya a goma sha huɗu, wato ɗari da arba'in. Amma ranar da ya wuni a tsaye gaban teburin nama, ya dawo kan babur cikin zafin nan, sai in ga goma sha tara.

Wata yamma ya ga fuskata ta canza, ya tambaye ni nawa ne. Na faɗa masa.

"Uwata, kada ki rubuta wannan," ya ce. "In likita ya gani, zai hana ni kasuwa. Me zan zauna in yi a gida?"

"Baba, ai lafiyarka ce."

"Na sani. Bari in huta, ki sake."

Na bari ya huta, na sake, na rubuta na biyun. Daga ranar haka muka riƙa yi. Lissafina na mako ya riƙa fitowa da kyau, likita har yaba mini yake yi, bai ƙara masa magani ba.

Wata biyar muka yi a haka. Ranar wata Talata abokan sana'arsa suka kira ni ina aji, suka ce ya faɗi yana saran ƙashi. Ya rayu, amma ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi.

A asibiti na gaya wa likita gaskiya. Ya daɗe yana kallon takarduna, sannan ya ce da Fulatanci, "Yi haƙuri, je ki wurinsa."

Baba ya yi damina ɗaya a kwance. Mahauta sukan zo duk Juma'a su zauna su ba shi labarin farashin shanu, yana bin su da ido. Ni nake ba shi kunu da cokali, har ya rasu. Yayyena suna yi mini godiya kan jinyar da na yi, ni kuma har yau ban iya gaya musu ba.